Saura Sura Ɗaya

Mu ba a kai mu makaranta ba. Ƙauyenmu yana bayan Zandam, kuma da damina rafi kan raba mu da Gwaram, don haka Baba ya ce ba ɗansa da zai ba ruwa saboda boko. Shi ya taɓa elementare, ya yi malamin auduga, sai ya mai da bangon zaure allonsa. Da hantsi ya rubuta mana baƙaƙe da lissafi da gawayi, ni da 'ya'yan ƙaninsa biyu. Karatun allo kuwa a tsakar gida ake yi bayan asuba, Baba ya rubuta, Inna ta biya mana tana tankaɗe. In ka yi kuskure ba ta ɗago kai, mafici kawai za ka ji a ƙeya.

Mutum ɗaya ne ba ya zama cikinmu, ƙanena. Kafin shi Inna ta binne uku. Biyu tun suna goye, ta ukun kuwa Yayata ce, wadda zazzaɓi ya ɗauke tana shekara bakwai, saura sura ɗaya ta cika izun farko. Har an jiƙa shinkafar wainar sadaka. Shekara na zagayowa aka haifi ƙanena, tsofaffi suka ce wabi ne, mai zuwa ya koma. Maganinsa a nuna ba a damu da shi ba. Aka ba wata Bafillatana mai tallan nono shi, ta riƙe shi yini guda ta maido, daga nan Inna ba ta kiransa sai bawan Fulani. Ba sabuwar riga, ba yabo, ba allo. Ni kuwa haushi nake ji, wallahi, ina shan mafici shi yana wasa da 'yan awaki.

Shekarar da aka bar fam aka koma naira, yana da shekara huɗu. Wata rana da hantsi Baba ya tafi gona, Inna ta aike ni bayan rumbu in ɗebo kara. Sai na ji karatu, da 'yar siririyar murya, ana jan ƙarshen aya. Ƙanena ne zaune a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, yana rangaji, hannuwansa a buɗe kamar mai riƙe da allo, alhali ba komai a cikinsu. Da farko dariya ta kama ni, na ce a bakinmu ya tsinta. Sai ya wuce inda na tsaya. Ya wuce inda 'yan'uwana suka tsaya. Ya shiga surorin da ba wanda ya biya su a gidan nan tun haihuwarsa. 

Ban san Inna na bayana ba sai da na ji faifai ya faɗi. Ba ta yi motsi ba har ya kai wani wuri ya yi shiru. Ya juyo ya dube ta, ya ce, "Inna, a ƙara mini."

"Nan marigayiya ta tsaya," in ji Inna, ba da ni take ba.

Da Baba ya dawo ya ji labari, murna ya yi. Ya ce baiwa ce, yaro ya ji a masallaci ko a bakin masu wucewa, camfi kuwa ba kyau. Ya ɗauko tawada zai rubuta masa allo. Ban taɓa jin Inna ta ɗaga wa Baba murya ba sai ran nan. Ta tsaya tsakaninsu ta ce, "Malam, marigayiya ce ta dawo, sura ɗayan da ta rage mata ta zo cikawa. In ka rubuta, me kuma zai zaunar da shi?" Baba ya ce ta ji tsoron Allah. Ta ce tana ji, amma uku sun isa. Ya daɗe riƙe da alƙalami, sa'an nan ya mai da shi cikin gafaka.

Daga ranar, in za mu yi karatu sai a tura ƙanena kiwo. Da na kai wannan surar, a gona Baba ya biya mini, ƙasa-ƙasa. Abin da yaron ya zo da shi ya ishe shi salla, ba a ƙara masa ko harafi ba. Ya yi kuka, ya gaji, ya bari. Ya girma, ya zama direban babbar mota tsakanin Birnin Kudu da Kano, ya yi 'ya'ya. Inna ba ta taɓa yabonsa ba har ta koma ga Allah, na kuwa san shi ta fi so.

Bayan an share makokinta, ina zaune a zaure da la'asar, sai ga shi da sabon allo a hammata, furfura a gemu. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Ya ce, "Yaya, tunda ba ta nan, rubuta mini surar da ta rage."

Na yi karatu, na koyar da 'ya'yan mutane, na sha faɗa wa ɗalibai wabi ciwo ne na jini. Na karɓi allon, na tsoma alƙalami. Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu, kuma tsoro nake ji.

Na ce masa tawadar ta yi ruwa, ya bari sai wani zuwan.