Ranar da Gwangwanayen Yayana Suka Yi Shiru

Cikin duk abubuwan da suka faru ina ƙarama, akwai wata Asabar da har yau ba ta fita raina ba, kuma ba na jin za ta fita. Ita ce ranar da littafi ya sa tsuntsaye suka cinye mana gefen gona.

Muna zaune a Talata Mafara ne, a shekarun da aka datse ruwa a Bakolori ana ta jan kanal cikin gonaki. Gonar babanmu tana cikin waɗanda katafila ta baje. Mun daɗe ba mu shuka komai a cikinta ba, sai hatsin da dangin Inna ke aiko mana daga Tsibiri. Da aka mayar masa da filinsa ya zuba shinkafa. Ita ce shukarmu ta farko bayan dogon jira, shi ya sa ko wace hira aka ɗauko a gidanmu sai ta ƙare a kanta.

Ina aji huɗu, yayana yana aji shida. Ni yarinya ce mai kunya, ko sunana aka kira a aji sai muryata ta maƙale, amma idona ba ya barin komai ya wuce. Muna da wata malama 'yar kudancin Zariya, mijinta yana aiki a ofishin noman rani. Tana da akwatin ƙarfe cike da littattafan labarai, duk Juma'a takan buɗe ta ce mai so ya ara. Mu 'yan mata mukan yi layi. Maza kuwa sai su fice filin ƙwallo. Yayana cewa yake wannan tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata, kuma kowa ya san mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake a daji. Shi katafila zai tuƙa, kuma bai taɓa ganin direban katafila da littafi a hannu ba.

Amma ni na lura da wani abu. Idan ya dawo gida ranar da aka tsayar da shi karatu a gaban aji, ba ya cin abinci sosai. Yana iya karatu, sai dai a hankali, yana bin kalma da yatsa, abokansa kuma suna kwaikwayonsa a hanya. Yanzu da na girma na gane ba littafin ya tsana ba, dariyar ce.

Wata Juma'a malama ta miƙo mini wani ɗan littafi mai hoton babbar mota a bango. Ta rage murya ta ce kada in ba yayana, kada ma in ce masa yana da daɗi, in dai karanta inda zai ji.

A lokacin shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa kamar nono, lokacin da jan-baki suka fi sonta ke nan. Tsuntsayen nan ƙanana ne, amma idan suka taso sai ka ce hadari. Kowace gona akwai rumfar tsaro mai tsawo, an ja igiyoyi daga rumfar zuwa kusurwoyin gona, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Yaro yana zaune a sama yana fizgar igiya yana ihu, wani lokaci ya harba majajjawa. Yayana ke tsaron tamu bayan an tashi makaranta, Asabar da Lahadi kuwa tun safe. Ni nake kai masa fura.

Sai na riƙa zama a inuwar ƙarƙashin rumfar ina karantawa a fili, kamar don kaina. Labarin wani karen mota ne da motarsu ta lalace a gindin gada, direba ya tafi gari neman ƙarfen gyara ya bar shi yana gadin kaya, ga ruwan kogi yana ta hauhawa. Yayana ya ci gaba da fizgar igiyarsa kamar bai ji ba. Amma na lura duk inda labarin ya yi zafi, gwangwanayen sukan yi shiru. Idan na tsaya juya shafi sai in ji ya fizgi igiya da ƙarfi yana zagin tsuntsaye. Na kuma lura ƙafarsa da ke lilo ta saman kaina tana ta kaɗawa.

Ranar Asabar ɗin da safe ban daɗe ba, domin Inna ta ce in dawo in taya ta surfe. Na miƙe na ɗauki ƙwarya da littafi, sai na ji muryarsa daga sama.

“Ke, aje shi nan. Da wautarki sai ki yada shi cikin kanal.”

Na miƙa masa ban ɗaga kai ba, don kada ya ga ina murmushi.

Da rana ta take na dawo da wata furar. Tun daga kan gadar kanal na ji abin da ya tsinka mini zuciya. Gonakin maƙwabta duk ƙara ce da ihu, tamu kuwa tsit. Duk tsuntsun da aka kora daga dama da hagu, wurinmu ya sauka. Kusurwar gabas ta yi baƙi, kawunan shinkafa suna ta sunkuyawa. Yayana yana kwance rub da ciki a kan rumfa, yatsansa a kan shafi, leɓunansa suna motsi, igiya tana reto a gefe ba mai riƙe ta. Yaran maƙwabta suna ta ƙwala masa kira bai ji ba. Kafin in iso na hango keken Baba a kan hanyar kanal.

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya jingine keke, ya shiga kusurwar, ya riƙa kama kan shinkafa yana matsawa da yatsu. Duk ƙaiƙayi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zo ya miƙa hannu, yayana ya ba shi littafin. Kanal na nan kusa cike da ruwa, na tabbata can zai jefa shi, kuma na san idan ya jefa, yayana ya gama da littafi har abada. Sai ya sa shi a aljihun riga, ya ce a ci gaba da tsaro.

Bayan la'asar ƙanen Baba ya karɓi rumfa, aka kira yayana zaure. Ni na rakuɓe a bakin ƙofa da butar Baba a hannu, kamar aikena aka yi. Baba ya fito da littafin ya ajiye a kan tabarma.

“Mi ke cikin wanga abu da ya fi shinkafata? Karanta in ji.”

Yayana ya fara da in'ina, gumi yana bin bayan kunnensa. Baba bai gyara masa ba, domin shi karatun allo ya yi, bai san boko ba. Bai kuma yi dariya ba. A hankali muryar ta daidaita. Ya karanta inda ruwa ya kai tayar mota, yaron yana sauke buhuna ɗaya bayan ɗaya yana kai su tudu. Na ga Baba ya daina jan carbi. Da yayana ya kai inda ya tsaya ɗazu sai ya ɗago kai daga littafin.

“To, motar ta hita?” in ji Baba.

“Ban kai nan ba, Baba.”

Baba ya yi gyaran murya ya koma fuskarsa ta ɗazu. Ya ce labari ba ya cika rumbu, mun sha wuya kafin mu ga shukar nan, kuma hannu ɗaya ba zai riƙe igiya ya riƙe littafi ba. Saboda haka littafi ya koma wurin mai shi, kada ya sake ganin irinsa a gidan. Yayana ya sunkuyar da kai, ya ce to.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Ni da ban taɓa sa baki a maganar Baba ba, sai na ji kaina ina cewa, “Baba, in yana karatu ƙafarshi ba ta tsayawa.”

Suka juyo suka dube ni, na ji kamar in nutse. Baba ya ce mene ne haɗin ƙafa da wannan magana. Na ce, ina kallon buta, a ɗaura masa igiyar a yatsan ƙafa. Baba ya dubi ƙafar yayana, wadda ko a lokacin rawa take a kan tabarma. Ya mayar da littafin aljihu ya karɓi butarsa.

Washegari da kansa ya raka mu gona. Ya haɗa bakin igiyoyin wuri ɗaya, ya yi zarge, ya sa a babban yatsan ƙafar yayana, sannan ya miƙa masa littafin. Ya ce idan ya sake jin gonar nan ta yi shiru, shi da littafin duka kanal za su kwana. Ya kuma ce idan an gama a zo a faɗa masa yadda aka yi da motar.

Gonarmu ba ta ƙara yin shiru ba. Gwangwanaye suka riƙa kaɗawa ba hutu, har yaran maƙwabta suka zo ganin ko aljani ya samu. Sun yi masa tsiya, suna cewa a sa masa ido kada ya ɓace tunda yana tatsuniya da rana. Amma sai da suka nemi jin labarin, shi kuma ya ƙi faɗa, ya ce mai so ya karanta. Littafin ya bi rumfuna har aka yanke shinkafa. Da na mayar wa malama, bangonsa ya yi laushi, ga tabon fura da laka. Na fara ba ta haƙuri, ta ce ai sai yanzu ya yi kama da littafi. Juma'ar da ta biyo, yayana ya tsaya a ƙarshen layinmu yana kallon rufin aji, ya tambaye ta ko akwai wani na mota.

Kusurwar gabas ba ta ba mu komai ba a shekarar, kuma Baba bai daina tuna masa ba har ya yi aure. Amma abin da na koya ya fi ƙarfin kusurwar. Yaron da ya ce ba ya son karatu, sau da yawa tsoron a gan shi yana tuntuɓe yake. Ka nemo masa labarin abin da ransa ke so, ka ajiye kusa da shi, ka kau da kai. Idan kuma akwai aiki a hannunsa, kada ka ƙwace littafin, ka nemo inda za ka ɗaura igiyar.