Maiwada Mai Faci da Hannun Inuwa

Kafin 'yan kasuwar Makarfi su gama kafa rumfuna, Maiwada ya riga ya share gindin duruminsa na bakin tasha, ya cika rabin duro da ruwa, ya jera kayan aiki a kan buhu: ƙarafan ɓanɓare taya, guduma, gwangwanin sholisho, almakashi, famfon hannu, da wani tsohon fistin na mota da yake zuba wa kananzir ya kunna in zai gasa faci. Sannan ya zauna a kan matacciyar taya ya ɓare goro. Ba ya kiran kowa. Wanda ƙaya ta soka shi zai zo da ƙafarsa. Haka yake fiye da shekara ashirin, tun lokacin da keke ne abin faci a ƙasar nan, mota kuwa sai ta Bature in ya fito rangadi.

Ni mai wannan magana sunana Jumare Direba. Ban taɓa zama a aji ba. Faɗa nake, Malam Uwaisu mai rubuta wasiƙu yana rubutawa, na kuma ce masa kada ya gyara mini baki. An ce yabon kai jahilci. To, ni dama ban yi makaranta ba, don haka bari in faɗa: daga Ikara har Kudan ba a haifi wanda ya fi ni riƙon sitiyari ba. Agana ta kama ni ina yaro, ta bar mini zane ta wuce. Na ja motar soja a yaƙin Bama cikin taɓon da ke haɗiye alfadari, na dawo da ƙafafuna biyu da muƙamin kofur. Mutum irina ba ya sara wa kowa a banza. Yau zan sara wa Maiwada, don na ji ciwon baya zai raba shi da gindin durumi bayan babbar salla, kuma akwai maganar da ya kamata a sani tun yana raye.

Motar da nake ja tsohuwar jif ce mai jan ƙafa huɗu. Alhaji Tukur mai fataucin mazarƙwaila ya saye ta a gwanjo lokacin da Turawa ke ɗaure kaya. Ta tsufa tun kafin ta zo hannunmu, amma ita kaɗai ke shiga fadamun da ake matse rake. Injinta nawa ne, ƙafafunta na Maiwada.

Maiwada bai iya karanta lambar da ke jikin taya ba, bai kuwa damu ba. Yana da wata igiyar rama mai ƙulli-ƙulli. Duk tayar da za ta hau jif sai ya zagaya ta da igiyar nan, in ba ta yi daidai da 'yan'uwanta uku ba, ba za ta hau ba. In zai zaɓa, ba ƙyalli yake dubawa ba. Gefe yake matsawa da babban yatsa ya ji kaurinsa, don kututturen rake ta gefe yake yanka. Duk ranar kasuwa sai ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana cire tsakuwa da ƙaya da tsinken ƙarfe. Duk wata uku ya mayar da na gaba baya, na baya gaba. Yakan shafa taya ya ce, "Kofur, kana taka birki kamar mai kashe kunama." In ce ƙarya ne. Ya nuna mini inda ta cinye. Masu lura sun shaida cewa facinsa bai taɓa ɗagowa ba; tib yakan mutu ya bar facin da rai.

Abin da zan faɗa ya faru ne a rani na biyu bayan samun mulkin kai. Da hantsi wani mai keke ya faɗo tasha yana haki, ya ce injin matse rake na Alhaji, wanda doki ke juyawa a fadamar da ke gaba da Gubuchi, ya kama hannun Inuwa. Inuwa shi ne mai tura rake a bakin inji, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Kafin a tsayar da doki ƙarfe ya riga ya ci hannun. An ɗaure da rawani, jini ya ƙi tsayawa. In ba a kai shi asibiti Zariya a ranar ba, sai dai a haƙa masa rami.

Ga jif kuwa a kan jak a gaban Maiwada. Kwana ɗaya kafin nan kututture ya yanka mini ƙafa biyu, na sa safaya a ɗaya, ɗayar ta baya na lallaɓo da ita gida.

Alhaji ya iso babbar riga na jan ƙasa, a bayansa ana gungura sababbin tayoyi biyu da ya sayo a Kano yana ajiye da su a zaure, baƙaƙe wuluk, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Ya ce a ɗaura su a baya yanzu-yanzu. Maiwada ya gaishe shi, ya ciro igiyarsa, ya durƙusa ya zagaya ɗaya.

Alhaji ya ce, "Mutum na can jini na zuba, kai kana nan kana awo kamar tela!"

Maiwada ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan na birni ne. Sun ɗara na gaba da yatsa huɗu, ga gefensu kamar fatar tambari. In Kofur ya sa giyar ƙafa huɗu a rairayi, na baya na turawa na gaba na turjewa, rami za ta haƙa wa kanta. In ma ta fita, kututture na jiran su. In na ɗaura za ku tashi yanzu, amma ba za ku isa ba."

"Tsohuwar fa, yaushe za ta gyaru?"

"In faci ya nuna."

"To ka ji da kyau. In Inuwa ya mutu alhakinsa na wuyanka, kuma ba ka ƙara taɓa motata."

Maiwada ya ce, "To."

In za a faɗi gaskiya, ni ma bayan Alhaji nake. Na fara kawo wa Maiwada labarin yadda muke yi a Bama, sai ya miƙo mini ƙarfe ya ce, "Kofur, in kana da ƙarfin magana, danna nan."

Ya yanko falle daga cikin wata matacciyar taya, ya fere gefunansa har suka yi laushi don kada su ci tib, ya shimfiɗa a ciki ya toshe yankan. Ya goge tib, ya shafa sholisho, ya ɗora faci, ya matse da fistin, ya kunna wuta. Daga nan ba abin yi sai jira. Faci ba ya jin ranka ya daɗe. Sai wuta ta mutu don kanta, ƙarfe ya huce, in ba haka ba zai ɗago a hanya. Mutane sun cika gindin durumi, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce taurin kai ne, wani ya ce tsoho ya ruɗe. Maiwada ya tsuguna yana kallon wutar. Daga baya ya gaya mini sau uku hannunsa na zuwa kan ƙarfen zai kwance, yana mayar da shi. Da ya huce ya tsoma tib a duro, ya juya shi gaba ɗaya, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ya haɗa, ya buga iska, ya ɗaura. Sai kuma ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba: ya ɗauki famfonsa ya shiga gaban mota.

Kafin a kai fadamar akwai wani rafi mai faɗi da ya ƙafe, rairayi ne zalla mai laushi kamar gari. Na rage giya zan afka, Maiwada ya ce in tsaya. Ya sauka ya sa tsinke a bawul, iska ta fara fita tana huci.

Na ce, "Maiwada, ka haukace? Iskar da ka buga da hannunka?"

Mu direbobi abin da muka gada shi ne taya sai ta yi tauri, in ka buga mata ƙarfe ta amsa kamar ganga. Ya ce, "Taya mai tauri wuƙa ce a rairayi, yanka take ta nutse. Ka taɓa ganin raƙumi ya kafe? Dubi tafinsa." Ya sassauta duka huɗun har cikinsu ya baje, ya ce in tafi a hankali, kada in tsaya, kada in murɗa da ƙarfi. Jif ta bi ta kan rairayin nan kamar a kan tabarma.

Mun tarar da Inuwa kwance a inuwar rumfa, leɓɓansa sun yi fari, matarsa Hajo ta tallafe masa kai. Aka shimfiɗa shi a baya, ita da wansa suka shiga. Muka sake ƙetare rafin. A nan ne aikin ya tsaya mana a wuya, don daga nan zuwa Zariya tsakuwa ce, kuma ga ƙafafu huɗu a sace, ga famfo ɗaya, ga rana tsaka.

Hajo ta ce, "Baba, don Allah mu tafi haka nan. Numfashinsa ƙasa yake yi."

Maiwada ya ce, "'Yata, in ta hau tsakuwa haka, kafin mil biyar za ta yi zafi ta fashe, mu zauna a daji. Ki riƙa kiran sunansa, kada ki bar shi ya yi barci."

Ni na buga ɗaya. Shi ya buga uku, ya ce in tanadi hannuna saboda sitiyari. Dattijo ne a lokacin, ya ba hamsin baya. Ina jin Hajo tana "Inuwa, Inuwa," famfo na amsa mata, har tafin hannun Maiwada ya yi ƙululu ya fashe, bai ɗago ba. Da ya gama ya tsuguna wajen tayar da ya gyara, ya dube ta da nauyin da ke kanta, ya jefa famfo cikin mota ya rufe ƙofa daga waje.

Na ce, "Shigo mana."

Ya ce, "Ƙarin mutum ɗaya ya yi mata yawa. Ka bi da ita ta gefen da ba rami. Allah ya kiyaye."

Da ƙafa ya koma Makarfi, ya iso ana kiran magariba.

Tuƙin da na yi ran nan ba a taɓa yin irinsa a hanyar Zariya ba, wannan ba na janyewa. Tayar ta riƙe. Muka shiga asibiti da la'asar. Likita ya yanke hannun daga wuyan hannu, ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da gawa aka kawo masa. Inuwa ya tashi. Yana nan a Gubuchi yana kiwon dawakin inji, ya aurar da 'yarsa ta fari bara.

Labari ya bazu cewa Jumare ya tashi sama da mota. Aka yi ta zuwa yi wa Alhaji godiya. Inuwa bai san abin da ya faru a hanya ba, don ba ya cikin hayyacinsa. Hajo ta tuna wani tsoho mai famfo, amma ba ta san sunansa ba. Duk shekara Inuwa na aiko mini da zakara. Shekara huɗu ina ci. Alhaji ya sayar da sababbin tayoyinsa ga wani mai ƙaramar mota a Zariya, ya ci gaba da aiko da jif gindin durumi kamar ba a yi komai ba. Maiwada bai taɓa ta da maganar ba, ko da wasa.

Maiwada na gindin durumi, mai igiya ba ka ƙarya. Kai ne ka tsuguna kana kallon wuta alhali gari duka na zaginka. Kai ne ka ɗauki alhakin rai a wuyanka da kalma ɗaya, don ka san sauri yakan haifi nawa. Kai ne ka sauka ka bar wa wani wurinka, ka taka a ƙasa, yabo ya wuce a mota. Na ga jarumai a yaƙi, yawancinsu da ihu suke yi. Naka ba ihu. Na gode, kuma Allah ya saka maka, ya sassauta maka wannan baya.

Ku kuma samarin direbobi da masu faci da ke tasowa yanzu da motoci suka fara yawa, ku je ku zauna kusa da shi kafin ya naɗe buhunsa. Ku koyi auna abu kafin ku ɗaura, ku koyi cewa a'a ga mai babbar riga in kun san hanya ba za ta yarda ba.

Saura kai, Inuwa. In an karanta maka wannan, bana kada ka aiko mini da komai. Gidan Maiwada yana bayan masallacin tasha, mai ƙofar langa-langa. Ka je da kanka, ka miƙa masa hannun da ya rage.