Injiniya Na'Allah da Ɗakin Sanyin Alhaji

Na'Allah ɗan Unguwar Rogo ne, ɗan mahauci, amma bai gaji wuƙa ba. Abin da ya taso da shi tambaya ce guda: "To, in ya lalace fa?" Da ita ya gama karatun injiniya, da ita kuma ya samu aiki lokacin da Alhaji Badaru, dillalin shanun da kuɗi suka yi wa yawa, ya buɗe kamfanin yogot a Mabera.

Aikin nasa ba wuyar faɗa. Zai bi madara tun daga bakin ƙofa har ta shiga roba, a kowane mataki ya tsaya ya tambaya: me zai iya ɓaci a nan, in ya ɓaci wa zai sha wuya, kuma za a gane kafin kaya su fita ko sai cikin mutane ya ba da labari? Abin da ya fi haɗari shi ake fara toshewa. A wasu wuraren irin wannan mutumin girmama shi ake yi. A kamfanin Alhaji suna aka raɗa masa: Mugun Baki.

In ya shigo da safe, sai ma'aikata su fara neman tsari ƙasa-ƙasa. Ya ce ma'aunin zafin tukunyar dafa madara yana iya yin ƙarya, a ƙara na biyu. Aka ƙara, ana tsaki. Ya ce a riƙa canza robar bakin famfo tun ba ta tsage ba. Alhaji ya riƙe baki.

"Injiniya, lafiyayyen abu za mu yar?"

"Ranka ya daɗe, akwai kuma ɗakin sanyi. Janareto ɗaya gare mu. In aka ɗauke wuta, shi kuma ya ƙi tashi, a zafin garin nan..."

"Kai dai ba ka iya fatan alheri ba? Mi munka yi maka?"

Aka dai sayi janareto na biyu, Alhaji yana kallonsa kamar an yi masa fashi.

Shekaru suka shuɗe, ba abin da ya lalace. Sai Alhaji ya zauna ya yi nazari irin na manya, ya gano cewa tunda komai lafiya lau yake, albashin mai hangen lalacewa asara ce. Ya sallame shi da godiya, ya ba surukinsa Junaid kujerar, mutum mai fara'a wanda amsarsa ga kowace tambaya ita ce "ba matsala".

Na'Allah ya koma gida da basirarsa. Ya binciki tukunyar gas, ya binciki wayar firji, ya hana a ajiye tulu kusa da soket. Matarsa Ni'imatu ta yi haƙuri har ya ƙare.

"Baban Khairiyya, don girman Allah ka nemi aiki, tun ba ka gano abin da zai lalace a auren nan ba."

Da bazara ta kankama, ɗakin sanyi ya tsaya. Janareto biyun ƙalau suke. Ɓera ne ya ci waya a bayan bango. Junaid ya ji ɗumi da ya leƙa, ya ce ba matsala. Kafin a farga yogot ya kumbura, murafe suna tashi sama, tsamin har titi.

Alhaji da kansa ya yi sallama a ƙofar gidan Na'Allah, hularsa a karkace.

"Bakinka ne, Injiniya. Bakinka yak kama mu."

"Ranka ya daɗe, ai ɓera can ƙarshen jerin haɗurran da na rubuta na sa shi. Cewa na yi da wuya ya yi ɓarna."

"To ka gani! Ashe ka ambace shi!"

Zargin bai dami Na'Allah ba. Abin da ya hana shi cin tuwo ranar shi ne ya raina ɓera, ɓera kuma ya ba shi kunya.

Aka mai da shi aiki bisa sharaɗi: ya duba abin da zai duba, amma kada ya furta. Yanzu shiru yake zagaya injinan, in ya ga abu ya nuna da yatsa, makanikai su rugo da gudu, don sun fi tsoron yatsan. Alhaji yana gaya wa baƙi cewa shi ya ƙirƙiro tsarin. An kuma kawo kyanwoyi daga kasuwa, aka ɗora wa Junaid kula da su, da muƙamin mataimakin manaja.