Gyado a Tukunyar Inna

Lokacin da na zo Kalgo daga ƙasar Zuru ba a ma raba Kebbi da Sakkwato ba. Gyaran keke nake yi a gindin wani dogon yaro kusa da kasuwa, ina haya a gidan wani tsoho manomin shinkafa da kowa ke ce wa Baba. Ɗaki biyu ya ware mana a gefen gidan, danga ce kawai tsakaninmu da matarsa, Inna. Ni da matata da yaranmu Kirista ne, kuma a duk unguwar babu wani Kirista sai mu.

Magidantan unguwar suna ciyayya. Bayan sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Baba, kowa a fito da kwanon tuwo daga gidansa, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Na daɗe ina cin nawa a ɗaki ni kaɗai. Wata rana Baba ya leƙo ta kan danga ya ce in fito da kwanona. Daga baya na ji cewa sai da aka yi gardama kafin nan. Wasu sun ce ba su san abin da ake dafawa a gidan Kirista ba. Baba ya ce shi ya sani, domin hayaƙin murhunmu ta tsakar gidansa yake bi, kuma duk kazar da muka ci shi ya yanka mana ita. Ya ce ya tsaya wa kwanon nan.

Wanda bai taɓa baƙunta ba, ba zai san darajar wannan tabarma ba. A kanta aka ba ni aron gona a fadama. A kanta nake jin wanda ya rasu da wanda aka yi wa haihuwa. Tun daga ranar aka daina ce mini "mutumin nan", na koma "ɗan Zuru", kuma na fi son haka.

A wata kaka garken gyado, wato aladen daji, ya addabi fadamar da ke wajen Wurogauri. Su tone dankali, su tattake shinkafa. Wani maharbi da muke ciyayya da shi ya yi musu kwanto ya harbe wani ƙato. Su Musulmi ba sa taɓa shi, kuma ba sa son ya ruɓe a bakin gona, don haka da hantsi ya zo wurin aikina yana dariya, ya ce ragon layyarmu ya samu, in je in ɗauka tun ungulu ba su riga ni ba. Na gaya wa Baba. Bai ɓata rai ba, ya ce dai kada ya shigo masa gida.

Sai na nufi wurin dattijon majami'armu, wani kafinta mutumin Filato da ke zaune a bakin gari. Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta kwano, ba mu da fasto, shi ke mana karatu ran Lahadi. A lokacin ban iya karatu ba, sai bayan shekaru na shiga ajin yaƙi da jahilci. Duk abin da na sani na addini daga bakinsa na ji. Mutum ne mai fara'a, kuma ba ya son tsoro. Ya kan ce an 'yantar da mu, abin da ya shiga ciki ba ya ƙazantar da mutum. Muka ɗauko gyadon a kan amalanke, muka feɗe shi a bayan gidansa. Ya aika wa sauran masu bi su zo da yamma a ci tare, domin shekarar ta yi tsanani, yawancinmu mun manta rabonmu da nama.

Ina can ina saran ƙashi, ban san abin da mata ke ciki ba. Matar kafinta ta duba tukwanenta, ta ga babu wadda za ta ɗauki naman nan. Ta aika wa matata ta samo mata babbar tukunya, wai za a yi taron coci. Matata ba ta san abin da muka ɗauko ba, don ban koma gida ba tun safe. Ta shiga wurin Inna ta aro tukunyarta ta taro, ta ba ɗan aike ya kai.

Wannan tukunya ta ƙasa ce, ƙatuwa, ta yi baƙi saboda shekaru. Inna mutuniyar Gwandu ce, da tukunyar aka kawo ta gidan Baba, kuma ta uwarta ce tun farko. Duk suna da bikin da aka yi a unguwar, a cikinta aka kaɗa miya. A makon ma ana jiran haihuwar surukarta.

Na ci naman, kuma ba zan ce bai yi daɗi ba. Yara suka ci har suna lasar gwiwar hannu. Sai da matata ta iso can da la'asar sakaliya, ta leƙa madafa ta ga abin da ake dafawa, ta fito ta ja ni gefe. Ta ce, "Baban yara, tukunyar Inna ce a kan wuta."

Bayan mutane sun watse muka zauna mu huɗu. Matar kafinta sai ba da haƙuri take yi. Ba ta daɗe da zuwa garin ba, kuma a inda ta fito tukunya tukunya ce. Kafinta ya ce mu kwantar da hankalinmu. A ganinsa babu zunubin da aka yi. Naman halal ne gare mu, tukunyar ba ta fashe ba, a wanke ta da toka da ruwan zafi a shanya a mayar. Ya ce idan muka faɗa, baƙin ciki kawai za mu jawo wa tsohuwa, mu kuma jawo wa majami'a magana. Abin da mutum bai sani ba, in ji shi, ba a kama shi da laifinsa ko a addininsu. Ya ce kada mu mai da kanmu bayi ga dokar da ba tamu ba.

Shi ya san Littafi, kuma har yau ban ga inda ya yi ƙarya ba. Matata ce ta yi magana. Ta ce tukunyar ƙasa tana shan mai, ko an wanke ta yana nan a jikinta. Ta ce ita za ta tsaya kusa da Inna ranar suna tana miƙa mata gishiri da daddawa, tana kallon ta tana ɗanɗana miya. Ta ce, "Dattijo, ni ce na aro. Ni ba zan iya ba."

Kafinta ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ka san kwanonka ne zai tashi daga tabarma?"

Na sani. A hanyarmu ta komawa shi kaɗai nake tunani. Mun bar tukunyar a can, kuma ranar ban fito ciyayya ba, na aika cewa na ƙoshi.

Da safe muka shiga wurin Inna tare. Tana tankaɗe, Baba yana gefe yana gyaran lauje. Matata ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta kuma ɗora wa matar kafinta ba. Inna ta ajiye rariya. Ta tambaya ko an riga an sa tukunyar a wuta, ko dai an zuba ne kawai. Matata ta ce an dafa. Inna ta share ido da bakin zane ta ce, "Ku bar ta can. Ta zama taku." Ta tashi ta shige ɗaki.

Baba ya ci gaba da wasa laujensa. Can ya tambaye ni ko wani ya sani ban da mu. Na ce babu, sai kafinta da matarsa. Ya gyaɗa kai. Ya ce to yanzu kowa zai sani, domin ranar suna mata za su tambayi tukunya, kuma Inna ba ta iya ƙarya ba. Ya ce in aka ji inda tukunya ta je, za a tambayi kwanonin gidana, shi kuwa shi ya tsaya musu.

Washegari na rufe wurin aiki na hau a-kori-kura ta Birnin Kebbi, na bi ta Dalijan zuwa Gwandu. Na zaga wurin masu tukwane ina auna su da hannuwana. Wata tsohuwa mai sayarwa ta ce irin wadda nake kwatantawa an daina gina ta, masu yin ta sun mutu. Na sayi wadda ta fi kusa, na naɗe ta da buhu da ciyawa, na rungume ta a bayan mota har Kalgo. Inna ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta saurari ƙararta, ta ce Allah ya yi albarka. Ta karɓa. Amma ba ta ce ta yi kama da waccan ba, ni ma ban tambaya ba.

Kafin magariba maganar ta gama unguwa. Na tsaya a ɗaki ina kallon kwanon da matata ta rufe da faifai. Ta ce ko in bari sai ƙura ta lafa. Na ce in na bari yau, gobe ta fi wuya. Na ɗauka na fita.

Na tarar sun zauna, sai hira ta tsaya. Na ajiye kwanon a ƙarshen layi na zauna a bakin tabarma. Baba ya ce abu ɗaya zai tambaye ni a gaban jama'a: ko naman nan ya taɓa wata tukunya ko kwano ko ludayi na gidana. Na ce bai taɓa ba. Sai na ƙara abin da ban shirya faɗa ba. Na ce addinina bai hana ni shi ba, ba zan ɓoye musu ba, amma muddin ina cin tuwo a wurin nan, ba zan sake cin sa ba, ko a gidana ko a gidan wani.

Baba ya ce, "Ban tambaye ka wannan ba, ɗan Zuru."

Na ce, "Na sani, Baba."

Maharbi ya ce to shi ke nan, ya rasa mai kwashe masa mushe, daga yau sai dai ya yi shawara da ungulu. Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Baba ya miƙa hannu ya tsallake kwanonin da ke gabansa, ya jawo nawa, ya buɗe faifan. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa. Ya yi bisimilla ya yanki loma. Maharbi ya bi, wasu biyu suka bi. Wani tela da ke kusa da ni ya naɗe hannunsa, ya jira aka buɗe na gaba. Bai sake cin tuwon gidana ba har muka bar garin, ko da yake ya ci gaba da kawo mini kekensa muna gaisawa lafiya. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba.

Ranar suna Inna ta kira matata aikin miya kamar kullum, sai dai ba ta ƙara ba ta aron tukunya ba. Kafinta kuwa ya tare ni ran Lahadi a ƙofar majami'a, ya ce na sayar da 'yancina a kan tuwon dawa. Na ce tuwon yana da daɗi. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata muka shiga. Daga baya idan an harbi gyado shi ake aika wa, in taya shi turin amalanke har bayan gidansa, in wanke hannuna in koma gida.