Dokin da Ba Ya Sha Sai da Fito

Duk sanda aka kwance ƙullin harawa na ji ƙamshinta, sai in tsinci kaina a bargar kakana a Madarumfa. Can nake samunsa da safe, ya ɗaga ƙafar dokinsa yana sakace kofato. Ba ya karya kumallo sai dokin ya ci.

Daga soja ya zo da wannan ɗabi'a. Yana saurayi ya guje wa aikin tilas na Faransa, ya ƙetara Katsina, sai ya faɗa hannun Ingilishi. Suka sa shi cikin sojan dawaki, aka kai su Kamaru yaƙin Jamus. Sajansu wani Bature ne jajur, ɗan ƙasar Ailan, wanda in ka kira shi Ba'ingilishe sai ya haɗe rai. Kakana ya ce sajan ma ɗan manoma ne, yunwa ta kai shi soja. Ranar da harsashi ya kashe dokin sajan a bakin wani kogi, zama ya yi gaban kowa yana kuka, kakana ne ya ɗauko shi a bayan nasa dokin. A wurin sajan ya koyi wani fito mai sanyi da ake yi wa doki in zai sha ruwa.

Duk dokin da kakana ya riƙe, da wannan fiton ya saba. Kakata kuwa ta tsani abin. Ka san a wurinmu fito kiran iskoki ne, namiji ma kwaɓarsa ake yi, balle ɗiya mace. Ni kuma kunnen ƙashi gare ni. Ina bin su tabki har na haddace shi tsaf, sai in laɓe bayan rumbu in gwada.

Wata bazara kakana ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Baffana ya ja dokin zuwa tabki, dokin ya sunsuna ruwan ya ɗauke kai. Aka kawo masa a kwatarniya, aka sa kanwa, aka sa dusa, ya ƙi. Baffa ya gwada nasa fiton, irin na kiran kare, dokin ko kunne bai kaɗa ba. Cikin wannan zafin, kwiɓin dokin ya fara zurmawa, har aka fara cewa a rabu da shi kafin ya mutu a turke. Kakana yana kwance yana jin komai. Na ga ya tsuke leɓe yana hurawa, iska kawai ke fita. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Da la'asar na bi baffa tabki. Bakin ruwa cike yake, mata na wanki, masunta na gyaran koma, kakata ma tana nan tana wanke ƙorai. Na kuwa san zafin hannunta. Na dafa wuyan dokin na yi fiton. Na farko bai fita sosai ba. A na biyu dokin ya juyo da kunne, ya sunkuya, na ji ruwa yana gangarawa a maƙoshinsa.

Wata mata ta ce, "Ɗiyar wa ce wannan marar kunya?"

Kakata ta miƙe tana yarfe hannu. Na ce yau kashina ya bushe.

"Tawa ce," in ji ta. Sannan ta dube ni. "Ke kuma kar ki tsaya, bai ƙoshi ba."

Da muka koma gida na durƙusa gaban kakana na ce masa dokin ya sha. Ya kama kunnena da hannunsa mai lafiya ya ɗan ja, da ƙyar maganar ta fito, ya ce, "Amaryata saja." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Daga nan ni ke kai dokin ruwa har aka yi mini aure.

Yanzu ko doki ɗaya babu a gidanmu. Inda suke sha a da, samari ne ke wanke moto, wato babur. Jikata ce ke yawo a tsakar gida tana fito son ranta, maƙwabta na kallona suna jira in kwaɓe ta. Za su daɗe suna jira.