Takardar da Yaya Ta Goge

Kwana tara da rasuwar Auta, yayata ta shiga ɗakin marigayiyar da tsintsiya da dutsen guga. Ni ina asibiti wajen karɓo takardar shaidar mutuwa, wadda sai da na yi sahu uku kafin a sa mata hannu. Da na dawo, ɗakin yana ƙamshin sabulu, an canza zanen gado, an tattara kwalaben magani a kwali. A kan tebur ga wata babbar takarda a shimfiɗe, an danne kusurwoyinta da littattafai, sumul.

"Na gyara maka ɗakin," in ji Yaya. "Wannan ma duk ta cukurkuɗe, an bi ta an cika ta da maƙalan shanya. Na yayyafa mata ruwa na goge. Ka ga yadda ta fito? Sai ka sa ta a firam."

Na ce, "Ina maƙalan?"

"Na mayar da su igiya, inda suka fito. Ashirin da uku. Tun yaushe matarka ke cigiyarsu."

Na buɗe mata ƙofa na tsaya riƙe da ita har ta fita. Wata huɗu ban sake yi mata magana ba.

Auta 'yata ce, ta uku kuma ta ƙarshe. Shekararta ashirin da tara. Da sikila aka haife ta, kuma shi kaɗai mutane suka sani game da ita. A zaman ta'aziyya na ƙirga mutum arba'in da ɗaya da suka ce mini "ta huta". Wani ɗan'uwan matata ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, ita dai ba ta zo duniya ta yi komai ba sai jinya." Na amsa masa da amin, don ban sami abin da zan faɗa ba wanda ba zai tashi zaman ba. Ga abin da ya kamata in gaya masa.

Tana shekara tara aka kwantar da ita sati uku. Hannunta na hagu da ƙarin ruwa, babu abin yi sai kallon silin. Ta zaro takardar bayanin da ake cusawa a cikin kwalin magani, irin siririyar nan mai ƙananan rubutu, ta ga yadda inji ya ninke ta, ta warware, ta mayar, ta sake warwarewa. Kafin a sallame mu ta yi kwale-kwale da wani abu da ta ce tsuntsu ne. Daga baya ta ga a waya ashe abin sana'a ce mai suna, origami ake ce mata. Ita dai ninki take cewa. Takarda ɗaya, babu almakashi, babu gam.

Ta karanta haɗa magunguna, ta kama aiki a kemis ɗin da ke ƙarshen layinmu, shekara bakwai. Farar rigar aikin ta yi mata tsawon hannu, kullum a naɗe. Duk takardar bayanin da mai saye ya yar, tana aljihunta. In uwa ta shigo da yaro yana tsala ihu don ya ga allura, kafin a gama lissafa ƙwayoyi ta ninka masa kwaɗo mai tsalle ta ajiye a kan teburin shagon. Mai kemis ya ce mini akwai matan da ke tsallake shago biyu su zo nasa saboda kwaɗin nan.

Wannan shi mutane suka gani, suka kira shi wasa. Ainihin aikin a ɗaki yake. Takan ɗauki babbar takarda ta yi ta ninkewa biyu-biyu, tsaye da kwance, har ta koma ƙananan gidaje daidai da juna. Wannan kaɗai kan ci mata sati. Sannan ta zaɓi layukan da za su tashi sama, waɗanda take kira tudu, da waɗanda za su nutse, kwari. In aka dace, sai takardar ta tattaro kanta, kowane ɗan gida ya murɗa ya kwanta a kan maƙwabcinsa, zane ɗaya yana maimaituwa daga gefe zuwa gefe. A ɗaga ta ga taga, inda ninki ya hau ninki ya yi duhu, inda takarda ɗaya ce ya yi haske, sai furanni da taurari su fito. Da farko tana kwaikwayon na wasu. Daga baya ta koma ƙirƙiro nata. Guda sha bakwai ta bari, kowanne da kwanan wata a bayansa da fensir.

Ni safiyo ne. Shekara talatin da biyu ina awon filaye ina zana taswira. In akwai wanda ya kamata ya gane abin da take yi a gidan nan, ni ne. Amma abin da na ce mata shi ne, "Da wannan ƙwaƙwalwar taki kin karanta injiniya, da yanzu ba a nan kike ba." Wata rana kuma na ce ta daina ɓata takarda.

Ta ce, "Baba, kai ma fa takarda kake ɓatawa. Naka dai ana buga masa hatimi ne."

Abin da ya fi damuna da aikinta shi ne ba ta rubutawa. Na sha ce mata duk aikin da ba shi da zane a fayil, ba a yi shi ba. Sai ta yi dariya. "Takardar ta sani, Baba. In ka ninke ta sau ɗaya, ba ta mantawa. Ka sake ta kawai, za ta nuna maka inda take son zuwa."

Gaskiyarta, muddin ba a jiƙa ta an ɗora mata ƙarfe mai zafi ba.

Takardar da Yaya ta goge ita ce ta sha takwas. Faɗinta santimita saba'in kowane gefe, gida sittin da huɗu tsaye, sittin da huɗu kwance, gida dubu huɗu da casa'in da shida ke nan. Wata biyar tana kanta. Ta fara tattaro ta daga tsakiya, tana riƙe inda ta gama da maƙalan shanya don kada ya kwance, ciwon ƙirji ya tashi, muka tafi asibiti. A mota ta ce da uwarta, "Umma, kada kowa ya taɓa mini tebur." Maganar ƙarshe ke nan da ta yi wadda ba ta shafi ciwo ba.

Na yanke shawarar in auna takardar kamar fili. Da hantsi, lokacin da rana ke shigowa ta tagar ɗakin a karkace, kowane layi kan yi 'yar inuwa. Guga ta kashe tudu da kwari amma ba ta share tabonsu ba. Da gilashin ƙara girma ana iya ganin gefen da zaren takardar ya tsage, shi ne bayan ninkin. Na sa wa kowane layi lamba, na buɗe littafin aiki irin wanda nake fita da shi daji, ina shigar da tudu da jan biro, kwari da shuɗi. Minti hamsin nake samu a rana kafin hasken ya miƙe. Haka na yi wata uku. Na sayo takardu iri ɗaya na koyi ninki da yatsun da suka saba da guduma da turaku. Na lalata goma sha ɗaya.

Abin da ke kewaye da tsakiya ya fito. Tsakiyar ce ta ƙi. A nan Yaya ta fi danna dutsen, don a nan takardar ta fi tashi. Gida sha shida tsaye, sha shida kwance, sun yi sul kamar farantin tangaran. Na gwada duk hanyar da lissafi ya yarda da ita. Kowace sai ta taru ta yi tsini ta yage.

Rannan na buga tebur har gilashin ya faɗi. Matata ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa. Ita ba ta shiga ɗakin har yau.

Ta ce, "Malam, wa ya taɓa ganin tsakiyar nan a ninke?"

"Auta."

"Sai wa?"

Na sunkuya na ɗauko gilashin. Ta ci gaba.

"Ni ban duba ba, kai ba ka duba ba. Mutum ɗaya ne ya sa hannu ya warware ta ɗaya bayan ɗaya. Ka ci gaba da fushi in kana so, ni ma ina yi. Amma ka je."

Yaya ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tsohuwar nas ce, irin waɗanda ko hankici ba sa sawa a jaka sai an goge. Ba zan ɓoye ba, sau shida ta ba Auta jininta, kuma babu kwanciyar asibitin da ba ta zauna da ita ba. Wannan duk na sani lokacin da na buɗe mata ƙofa, kuma bai rage komai ba. Shekara ashirin tana kallon yarinyar nan tana ninki a kan gado, abin da ta gani shi ne mara lafiya tana rage lokaci.

Na same ta a baranda tana ninke wanki. Ba ta ɗago ba.

"A'a, safiyo. Ka ɓata hanya ne, ko fili aka ba ka a layinmu?"

"Yaya, ina yini."

"Da ban yini ba ka gan ni? Wata huɗu. Ni na wanke maka kashi, ɗan nan. A kan takarda."

"Ba takarda ba ce."

"To mece ce?"

"Aikinta ne. Wata biyar ta yi a kai. Ta ce kada a taɓa."

Hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa. "Ba wanda ya gaya mini."

"Ba ki tambaya ba."

"Kai ka taɓa tambayarta?"

Na ciro takardar gwajina ta sha biyu na shimfiɗa a kan tabarmarta. Na ce ba sulhu ya kawo ni ba, tambaya ce. Lokacin da ta warware tsakiyar, yaya ta buɗu?

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye zanen ta ɗaga hannuwanta biyu a iska, ta rufe ido.

"Gardama ta yi mini. Na ja ta gefe da gefe ta ƙi. Sai da na kama ta na murɗa hagu, kamar murfin kwalba. Ta buɗe. Sai ga wata ƙarama a ƙarƙashinta, ita kuma ta ƙi hagu, sai dama."

"Biyu ne? Ɗaya a kan ɗaya?"

"Biyu. Ta ƙasan kuma ta baya take, sai da na kifa takardar. Har na ce a raina, yarinyar nan da taurin kai, ko takardarta ta gado ta."

Wata guda ina neman murɗi ɗaya mai bin hanyar sauran. Bai taɓa zuwa mini ba cewa za ta ɓoye na biyu a baya, yana juyawa kishiyar na farko. A cikin sha bakwai ɗin da ta gama babu mai irin wannan. Sabon abu ta gano, kuma ba ta samu ta nuna wa kowa ba.

Washegari da hantsi Yaya ta zo. Ta bi ta bayan gida ta kwaso maƙalai daga igiya, ta zube su a kan tebur ta ƙirga, ashirin da uku. Mun fara da takardar gwaji, ta tafi daidai. Sannan na ɗauko ta Auta. Aikin ya fi ƙarfin yatsu goma: ni ina tayar da tudu bisa littafina, ita tana danne abin da na gama tana maƙalewa.

"A hankali, za ki yaga."

"Ni da na yi shekara talatin ina ɗinke fatar mutane? Kai dai duba littafinka."

Da muka iso tsakiya na kifa takardar, na murɗa ƙaramar hagu, na juyo da ita na murɗa babbar dama. Ta ɗan yi ƙara kamar busasshen ganye, sannan ta kwanta. Na ɗaga ta ga taga. Fure ne mai kunne takwas, a cikinsa wani fure mai duhu yana juyawa baya, kewaye da su ƙananan taurari suna bin juna. Yaya ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi. Ban rarrashe ta ba.

Layuka goma sha biyu na bakin takardar babu komai a kansu sai gidajen farko. Nan Auta ta tsaya. Da ta share ido, Yaya ta ce tunda yanzu na iya, in ƙarasa mata.

Na ce a'a. Ba wanda zai sake gyara mata komai.

Na juya takardar na rubuta a baya da fensir: ta sha takwas, ƙirƙirar Auta, ba a gama ba. Na zana cikakkiyar taswirar ninkin, ja da shuɗi, na yi kwafi uku, na buga wa kowanne hatimina na aiki. Ɗaya na fayil, ɗaya na mai kemis, ya manna a bango kusa da teburin shagon. Na ukun na sa a ambulan na aika wa ɗan'uwan matata, wanda ya ce ba ta yi komai ba sai jinya, tare da farar takarda mai faɗin santimita saba'in. Na rubuta masa layi ɗaya, cewa ya gwada.