Da'irar da Yaya Ilu ya bari a gona

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Ilu makwancinsa a ƙauyenmu kusa da Gangara. A zuci na saba tuna shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wannan karon, wata baƙuwa ce ta zo mini da sawunsa ba tare da ta sani ba.

Malama ce daga jami'a, tana neman inda mutanen farko suka zauna tun kafin a san rubutu. Aka haɗa ta da ni a Tanut, wai tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ba ya rasa labari. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini gonakinmu yadda tauraron ɗan'adam yake ganin su. Ta ce inda aka taɓa yin mazauni, ƙasa kan riƙe laima da taki, sai hatsin wurin ya fi na kewaye duhu. Kana tsaye a ƙasa ba za ka lura ba, daga sama ne zanen ke fitowa. Wurare biyu ta yi wa alama.

A na farko mun tarar da tsingaro da duwatsun nan masu santsi da muke kira gatarin aradu tun muna yara. Ta yi ta murna. Na biyu wata da'ira ce mai duhu a gindin tsohuwar aduwa. Tun kafin mota ta tsaya na gane gonar Yaya Ilu ce.

Na ce, "Malama, wannan tsohon wurin naki ko ni na girme shi."

Kowace shekara in an gama girbi, wani makiyayi mai suna Buba yakan gangaro da shanunsa daga wajen Tarka. Yaya yakan bar masa kara, shanu su ci, su kwana a gonar, su bar taki. Na sha gaya masa, da iyayina na ɗan boko, ya riƙa matsar da garken don takin ya game gona. Ya ƙi ji. Nan inuwa take, nan suke dafa shayi, suna tsokanar juna a kan wa ya fi wani rowa. Fiye da shekara talatin shanu na kwana wuri ɗaya saboda hirar mutum biyu. Ina kewar wannan taurin kan nasa ƙwarai.

Ni da Malama muka yi dariya, ta soke alamar. Sannan ta jera mini hotunan shekaru bi da bi, sai dariyar ta ƙare mini. Da'irar tana kodewa. Ta ce nan da ƴan damina ba za a gan ta ba.

Na san dalili. Tun da aka yi rigimar ɓarnar da shanu suka yi wa gona a wani ƙauye maƙwabci, Laminu ɗan Yaya ya aika wa Hamma ɗan Buba kada ya ƙara zuwa, kuma ya koma kwashe karan yana kaiwa kasuwa. Ba na ganin laifinsa duka, zamani ya sa kowa tsoro. Da Yaya zai dawo ya ji ana hango zangon shanun Buba daga sama, da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da ya ji an hana ɗan Buba shiga, ban jin zai iya cin tuwo ranar.

Yaya bai bar gidan siminti ba, ko hotonsa ɗaya ba mu da shi. Abin da ya bari wannan zumuncin ne, kuma ƙasa ta riƙe shi fiye da yadda muka riƙe.

Na roƙi Malama ta buga mini hoton a takarda, na kai wa Laminu. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Baba, Hamma yana ina yanzu?"

Na ce na ji yana wajen Belbeji. Bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban matsa ba.

Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya jiƙan Buba. Shekaranjiya na bi ta gonar. An kwashe karan kaf, ban da na gindin aduwa.